Turaren maza irin na da: wanne zai jure zafin Yamai?

Ɗan Boukoki
Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema don Allah, musamman wajen manyanmu da suka daɗe suna harka da turare. Allah ya sa na samu aiki wani biro can Plateau, to kuma gaskiya na gaji da turarukan nan masu zaƙi da samari ke fesawa yanzu, duk inda ka shiga ƙanshi ɗaya ne, taksi, banki, wajen biki, ba ka iya bambanta wane da wane. Ni so nake in samu turare guda na maza irin na da in riƙe shi shi kaɗai har a san ni da shi. Jikka 40 na ware, wato sefa dubu 40, in ta kama in ƙara kaɗan zan ƙara. Sunayen da nake ji ana faɗi su ne Azzaro, Paco Rabanne mai koriyar kwalba, Eau Sauvage da Kouros, amma ko ɗaya ban taɓa sawa ba. Kuma ku sa cikin lissafi moto nake hawa zuwa aiki, ga shi mun doshi watan huɗu.

Mushe mai ritaya
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka cikin aikin. Tambayarka ta yi min daɗi ƙwarai don waɗannan da ka lissafa duk na zamaninmu ne. Lokacin da muka fara sarbis ma'aikaci in ya karɓi albashi ya ɗan samu sarari Paco Rabanne pour Homme yake nema, wanda ya fito 1973, ko Azzaro pour Homme na 1978, daga baya Drakkar Noir ya zo a 1982 ya mamaye gari, wanda aljihunsa bai kai ba ya sayi Brut ya yi harkarsa. Dukkansu dangin ƙanshi ɗaya ne, lavanda a sama, sai wani ƙanshi irin na busasshiyar ciyawa, sai gansakukar itace can ƙasa, shi ya sa in ka shinshina su sabulun aski ke fara zuwa maka a rai.

Amma in ni za ka tambaya, don zafin garin nan Eau Sauvage na Dior na fi so. 1966 aka yi shi, Edmond Roudnitska ya haɗa shi, lemun tsami ne da ɗoɗɗoya da ɗan ƙanshin fure mai sauƙi, ba ya hawa kai ko rana ta take. Sai dai ka kula akwai wani Sauvage ɗin na 2015 mai kwalba shuɗiya mai duhu, shi ne wanda samari ke yayi, ban da suna ba abin da ya haɗa su. Kouros kuwa ka ajiye shi gefe tukuna. Turare ne na ƙwarai, 1981 Yves Saint Laurent suka fitar da shi, amma nauyi gare shi, na lokacin ɗari ne. Ka sa shi a watan huɗu cikin biro mai mutum biyar ka ɗauki alhakin mutane.

Ɗalibi na Harobanda
Baba da girmanka amma ni ban yarda ba. Eau Sauvage ɗin nan kawuna na da shi, ƙanshi kam akwai ba musu, amma awa biyu ya tafi, mutum ya zuba kuɗi haka kan abin da kafin ya haye gadar Kennedy iska ta kwashe rabi? Yaya da jikka 40 ɗinka za ka sayi na Dubai biyu ko uku, su Lattafa su Armaf su Rasasi, ka fesa da safe har gobe rigar na ƙanshi. Turare in ba a ji shi ba mene ne amfaninsa

Mushe mai ritaya
Ɗana wanda ya miƙo maka hannu ku gaisa shi ya kamata ya ji, da wanda ke kusa da kai cikin sahu. Na tsallaken titi ba ruwansa da ƙanshinka.

Alhaji mai turare
Salamu alaikum. Ni wannan ita ce sana'ata a babbar kasuwa, na Faransa ina saidawa na Dubai ina saidawa, don haka ba na bayan kowa. Mushe ya faɗi gaskiya, yaron nan ma akwai gaskiya cikin maganarsa.

Ka fara duba abin da aka rubuta jikin kwali. In eau de cologne ne man turaren da ke ciki bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ba, eau de toilette kashi 5 zuwa 15, eau de parfum kamar 15 zuwa 20, parfum zalla ya kan kai 20 zuwa 30, saura alkol ne da ɗan ruwa. Tsofaffin turarukan mazan nan kusan duk eau de toilette ne. Amma daɗewa ba daga wannan lissafin kaɗai take ba, daga kayan haɗi ne. Man ɓawon lemu abu ne marar nauyi, da ya ji ɗumin jiki sai ya tashi, a zafin digiri 43 kuwa ba a magana. Itace da miski da ambar su ke zama. Shi ya sa Eau Sauvage ba zai taɓa kai wa dare ba ko na asali ne, ba lalacewa ya yi ba haka aka yi shi, Azzaro kuwa da yake akwai pachuli da itace a ƙasa zai kai ka la'asar.

Kuma turare kamar shayin fada ne, na farko daban, na biyu daban, na uku daban. Abin da ka ji minti biyar na farko ba shi za ka wuni da shi ba. Yawancin masu zuwa shago sai su shinshina murfi su ce a ɗaure, bayan kwana biyu su dawo wai an canja musu. Ka sa a fesa maka a wuyan hannu, ka fita ka yi yawonka cikin kasuwa, ka yi zufa, ka dawo bayan awa uku ka sake shinshinawa, in har lokacin yana maka daɗi to naka ne.

Maganar kuɗi, jikka 40 za ta iya kai ka ga Azzaro ko Paco ko Drakkar gwargwadon girman kwalba. Eau Sauvage ko ƙaramar 50 ml ce sai ka ƙara.

Ɗan kabu-kabu
Tunda moto kake hawa bari in sa baki. Kada ka fesa a wuya ko saman riga, iska da rana da ƙura kafin ka kai rond-point na biyu sun cinye. A ƙirji za ka fesa kafin ka sa riga, rigar ta rufe shi, yana fitowa kaɗan-kaɗan duk wuni. Kuma don Allah masu fesa mai zaƙin nan da tsakar rana ku ji tausayinmu, in ya haɗu da zufa mutum na bayanka amma kai ne ke shan wahala, wani har kai ke sara min kafin in sauke shi

Ba'adare
Salamu alaikum, daga Tawa nike magana. Ni hwa mamakinku nike mutanen Yamai, ana zancen turaren da, kun tahi Paris kun baro na gida. Turaren da ubanninmu sunka sani Binta Sudan ne. Tun 1920 anka yi shi, wani kamfanin Ingila W.J. Bush, kuma Kano aka yin shi har yanzu, ta Ƙwanni shika shigo muna. Mai ne zalla babu alkol ko ɗigo, ƴar kwalba ƙarama ka sa aljihun gaba, ran Juma'a ka ɗan taɓa ga gemu da hannun riga shike nan. Kuɗin wanga Azzaro guda sai ka sayi na shekaru. Tsohona har Allah ya amshi abinai ba ya sa wani, in ka buɗe akwatinai har yau ƙanshin na nan. Ran Lahadi ka zaka kasuwar Tawa ka gani ko dattawa na tambayar wani Dior

Ɗalibi na Harobanda
Kawu wannan ai na amare ne da tsofaffi, wa zai shiga biro da Binta Sudan a wannan zamani

Ba'adare
Yaro gyara kalamanka. Limamai da sarakai sun sa shi tun ba a haifi mahaifinka ba, ba abin renawa ba ne.

Ɗalibi na Harobanda
Allah ya huci zuciyarka Kawu, ba reni nake nufi ba. Ra'ayi ne kawai, ni a hancina na gidan biki ne.

Ɗan Boukoki
Kawu ka taɓo wani abu da ke min yawo a rai da ma. Maganar alkol ɗin nan, in na fesa da safe na je na yi azahar da rigar a masallacin kusa da biro, sallata ta yi? Don na ji wasu na cewa najasa ne. Ko akwai malami cikin gidan nan ya warware mana

Malam na Talladjé
Wa alaikumus salam. Da farko shi turare abin so ne a addini, Annabi sallallahu alaihi wa sallam yana son ƙanshi, kuma ya tabbata ba ya mayar da turare in an ba shi. Ranar Juma'a an kwaɗaitar da wanka da asuwaki da shafa turare ga wanda ya samu. Akwai kuma hadisin da ya nuna turaren namiji shi ne wanda ƙanshinsa ya bayyana launinsa ya ɓoyu.

Maganar alkol kuwa saɓani ne tsoho, tushensa shi ne ita giya kanta najasa ce ko kuwa shanta ne kawai haram. Jumhurun malamai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, sun tafi kan najasa ce. Amma Rabi'a malamin Imam Malik, da Laisu bin Sa'ad, da Muzani almajirin Imam Shafi'i, sun ce zatinta mai tsarki ne, daga baya Shaukani ma ya bi wannan. Malamai da yawa na wannan zamani sun ba da fatawar halaccin turare mai alkol, suna cewa ba don sha aka yi shi ba, an ma gauraya shi da abin da ke hana a sha, kuma yana bushewa nan take. Wasu kuma sun ce barinsa ya fi tsentseni. Don haka wanda ya sa ba a ce sallarsa ta ɓaci ba a wajen masu halattawa, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ga na mai nan birjik. Abin da nake roƙo kada mai wannan ya zagi mai wancan. Kuma wanda ya ɗaura harami na Hajji ko Umra duka biyun ya ajiye su har ya sauke. Allah ne mafi sani.

Ɗan Boukoki
Allah ya saka da alheri Malam, ya ƙara ilimi. Na samu natsuwa.

Ba'adare
Madalla Malam. Ni dai ina nan ga na mai, hankalina ya hi kwanciya.

Hajiya ta Yantala
Ku yi haƙuri maza in shigo zancenku, don mu ne ke wanke kayan kuma mu ne ke zaune da ƙanshin. Ƙanena duk abin da aka faɗa maka gaskiya ne amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Gidajenmu gidajen turaren wuta ne. In uwarka ko matarka ta turara maka riga da kajiji da sandal da hawi, kai kuma ka zo ka fesa Paco a kai, wallahi ba Pacon ba turaren wutan, wani abu ne daban zai fito mai hawa kai. Sai ka zaɓa, kayan aiki a ware su gefe kada hayaƙi ya taɓa su, manyan kaya na Juma'a da biki a turara su, su kuma ka ɗan taɓa musu na mai irin wanda Kawu ke faɗi, sun fi dacewa da juna. Maigidana Azzaro yake sawa tun kafin a yi aurenmu, yara ko cikin duhu ya shigo sun san shi ne, kuma ban taɓa jin ya fesa fiye da biyu ba.

Na biyu kuma, kada a ji haushi, turare ba ya maye wanka. A wannan zafi namiji ya dawo da rana ya ƙara fesawa kan zufa, abin ba daɗin ji. Ka samu dewodoran marar ƙanshi ko alum a hammata, singileti a canja kullum, hula ma a riƙa wanke ta don ita ce ke riƙe zufar kai, mutane na mantawa da ita. In an yi wannan ko Brut ka sa za a ce wane ɗan gayu ne.

Mushe mai ritaya
Hajiya Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da mu muka ji nauyin faɗi.

Ɗalibi na Harobanda
Hajiya biyu fa kika ce? Ni in na fesa biyu bayan rabin awa ba na jin komai sam, sai na kai bakwai takwas nake sanin na sa turare

Majo
Ƙanena hancinka ne ya saba ba turaren ne ya tafi ba. Haka Allah ya yi hanci, ƙanshin da ya zauna tare da kai ƴan mintuna sai ƙwaƙwalwa ta daina kula shi don ta ji sabo, shi ya sa ba ka jin ƙanshin ɗakinku amma baƙo na shigowa zai ji. Kai ba ka ji, na kusa da kai yana shaƙar takwas ɗin nan cif. Mu a wajen aiki muna ganin masu asma da masu ciwon ɓarin kai da mata masu ciki waɗanda ƙanshi mai ƙarfi ke tayar musu da ciwo nan take, ba raki ba ne. Ka tambayi wani abokinka da ba ya jin kunyarka bayan awa biyu ko yana ji, shi ne ma'auni.

Wani abu kuma ga mai tambaya, lokacin hunturu fata na bushewa kuma busasshiyar fata ba ta riƙe turare, ka shafa mai marar ƙanshi tukuna sannan ka fesa. Man kaɗe na gida yana da nasa wari, in za ka sa shi to ɗan kaɗan. Kuma kada a fesa kan fuska bayan aski ko kan ƙuraje, alkol ɗin na ƙona wurin.

Tela na Wadata
Ni roƙona ɗaya ga masu na mai. Kada ku ɗiga shi kan farar shadda, tabo yake bari rawaya kuma ba ya fita, sai a kawo mana wai mu san dabara, mutum ya sayi Getzner da tsada ya biya ɗinki ya biya aiki a wuya sannan ɗigo ɗaya ya ɓata gaban riga. A murza a tafin hannu tukuna a shafa ta ciki, ko a ƴar ciki. Na fesawa ma a ja baya kamar taki ɗaya na hannu, kada a manna bakin kwalba jikin yadi.

Ba'adare
Wanga gaskiya ne tela, ga gemu da bayan kunne aka sa shi da ma.

Mushe mai ritaya
Alhaji ina da tambaya gare ka tunda sana'arka ce. Paco Rabanne da nake saye yanzu ba shi ne wanda na sani a 1985 ba. Kwalba kore ce har yanzu, suna ɗaya, amma wancan yana da wani duhu a ƙasa, wani ɗaci mai daɗi da ke zama a kwalar riga har sati, na yanzu ya yi fayau. Yarana na cewa tsufa ne hancina ya rage. Ni kuwa na san abin da na sani.

Alhaji mai turare
Mushe hancinka lafiya lau. An canja haɗin, kuma ba na Paco kaɗai ba, kusan duk na wancan zamani. Wannan ɗacin da kake faɗi gansakukar itacen oak ce, wadda ake kankarowa jikin itatuwa can yankin Balkan. An gano tana sa ma wasu mutane ƙaiƙayi da kumburin fata, sai ƙungiyar masu turare ta duniya IFRA ta taƙaita yawan da za a zuba, Tarayyar Turai kuma ta hana sinadarai biyu da ke cikinta, atranol da chloroatranol, daga 2021 ba a saida turaren da ke ɗauke da su can. Akwai wani sinadarin ma, Lilial, da aka hana a 2022. To dole kamfanoni su tace gansakukar ko su nemi madadi na roba, ƙanshin ya matso kusa amma bai zama ɗaya ba. Har miski da zibda na dabba da ake sawa da can yanzu na haɗi ne.

Sai dai ni ba na ce ma yaro kada ya saya don wannan. Shi bai san na 1985 ba, na yau zai shinshina, in ya yi masa ya yi masa. Kuma a ganina Azzaro bai yi nisa da asalinsa sosai ba, anis ɗin nan da lavanda suna nan daram.

Mushe mai ritaya
To Alhamdu lillahi, zan nuna ma yaran wannan bayani. Amma ina nan kan bakana, an rage ma turaren nan daraja.

Ɗan Lazaret
Jama'a ni ma in tambaya, akwai wani mai yawo da jaka yana zuwa fadarmu da dare, yana da Eau Sauvage 100 ml jikka 7, Terre d'Hermès jikka 8, da leda da komai, ya ce kaya ne da aka kama aka yi gwanjo shi ya sa suka yi araha. Anya?

Alhaji mai turare
Ɗana yi lissafi da kanka. Euro ɗaya sefa 655 da ƴan kai ne, kwalbar nan ta 100 ml can Faransa inda ake yin ta kusan euro 100 ce ko fiye, wato ta haura jikka 65 kafin a sa kuɗin jirgi da duwan da ribar mai shago. Wa zai ba ka ita jikka 7? Ko gwanjo ne ai mai saye ya san abin da ya saya. Labarin an kama an yi gwanjo tsohon labari ne.

Ga abin da za ka duba. Akwai lamba ƴar gajeruwa a gindin kwalba da gindin kwali, dole su zama iri ɗaya, amma masu kwafi na yanzu sun iya wannan ma don haka kada ka tsaya nan. Dubi ledar, ta asali a matse take an naɗe ta tsaf, ba gam da ya zubo. Ɗaga murfin ka ji nauyi, ka mayar ka ji ko ya zauna daidai. Bututun ciki na asali siriri ne kusan ba ka ganinsa, na kwafi kauri gare shi kuma sau da yawa ya yi tsawo ya lanƙwashe a gindi. Karanta rubutun kwali harafi-harafi. Daga ƙarshe fesa, na kwafi alkol ke fara bugun hanci, bayan rabin awa ba saura ko ya koma wani wari, kuma ba wanda ya san me aka zuba ciki kana sa ma fatarka. In kuɗinka jikka 7 ne gara ka sayi na Dubai mai sunan kansa, halal ɗinsa ne ba ya ɓoye ko shi wane ne, da ka sayi ƙaryar Dior.

Ɗalibi na Harobanda
Yauwa Alhaji, abin da nake faɗi ke nan tun ɗazu, na Dubai ba abin kunya ba ne

Alhaji mai turare
Ba abin kunya ba ne ko kaɗan, Ajmal da Rasasi tsofaffin gidaje ne masu mutunci. Amma yayanka ba mai ƙarfi ya tambaya ba, irin na da ya tambaya.

Injiniyan gona
Na zo a makare amma ban ga wanda ya ambaci vetiver ba, kuma a ganina shi ne amsar zafinmu. Vetiver na Guerlain, Jean-Paul Guerlain ya haɗa shi a 1959 yana saurayi. Daga saiwar ciyawa ake tatso man, mafi yawa daga Haiti yake zuwa sai Java ta Indonesiya. Ƙanshin ƙasa ne da saiwa da ɗan taba da lemu a sama, babu zaƙi ko kaɗan, kuma da yake saiwa ce ba ɓawon lemu ba yana zama jiki fiye da Eau Sauvage, zufa ma ba ta juya shi. Kawu na Tawa kai ma ka san danginta, jema ce da ke fitowa a fadama da bakin gulbi, wadda ake saƙa da ita, tamu ta Afirka ce waccan da ake tatsa asalinta Indiya. Ka tono saiwar jema ka wanke ka shanya ka shinshina za ka gane inda turaren ya dosa. Terre d'Hermès na 2006 da Ɗan Lazaret ya ambata shi ma akwai vetiver ciki, amma wannan bai tsufa ba tukuna.

Ba'adare
Ikon Allah, jema dai tamu? Tsohuwata na sa saiwatta cikin randa ruwa shi yi ƙanshi. In haka ne wanga kam ina son in ji shi, in na zaka Yamai sai in biya shagon Alhaji.

Alhaji mai turare
Sai ka zo Kawu. Sai dai shi ba kullum ake samunsa ba don masu tambayarsa kaɗan ne, sai an yi sautu, kuma kuɗinsa na wajen na Dior ne ba na Azzaro ba.

Ɗan Boukoki
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya, ran Asabar zan shiga kasuwa in sa a fesa min Azzaro a hannun dama Paco a na hagu, in je in yi sauran sayayyata in ga wanda ya zauna da ni. Eau Sauvage da Vetiver sai aljihu ya yi nauyi, ina so in ji su dai ko a takarda ne. Zan kuma sayi ƴar Binta Sudan ta Juma'a saboda Kawu. Baba Mushe sau nawa zan fesa in zan fita aiki?

Mushe mai ritaya
Biyu a ƙirji ƙarƙashin riga yadda mai moto ya faɗa maka. Lokacin ɗari ka ƙara ɗaya a bayan wuya. Ranar da kuke da taro cikin ɗaki mai kilim a rufe, ɗaya ya isa.

Ɗalibi na Harobanda
Ni dai har yanzu ina ganin biyu ya yi kaɗan ga mai hawa moto, ko uku ne Yaya ka yi. Ka dawo ka ba mu labari

Hajiya ta Yantala
Ka faɗa ma mutanen gida tun ran Juma'a kada a turara rigar da za ka sa zuwa kasuwar, in ba haka ba ba za ka gane komai ba.

Alhaji mai turare
Ka zo da hantsi kafin kasuwa ta cika, kada ka sa komai a jiki, kuma kada ka wuce biyun nan a rana ɗaya don hanci na gajiya. In ka saya kwalbar ta zauna cikin kwalinta can ƙasan armuwar inda rana ba ta kai, ba bisa taga ba, ba ƙarƙashin sirdin moto ba, zafi da haske ke kashe turare musamman mai lemu. Kuma 50 ml za ka fara ɗauka ko da kuɗin 100 ɗin sun kai, ɗakunanmu na kwano in kuran ya ɗauke a watan biyar babbar kwalba na iya juyawa kafin ka kai rabinta.